Kaki Kaɗai Ba Ya Jinya: Su Wa Suka Dace da Kujerun Hukumar Sa Ido Kan Gidajen Tsoffin Sojoji?

A ranar 27 ga Maris, 2020, shugabannin gidan kula da tsoffin sojoji da ke garin Holyoke, a yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, suka yanke wata shawara da har yau iyalai ba su gama jimaminta ba. Gidan yana da ɓangarori biyu da ake kullewa, inda ake ajiye dattawan da gigin tsufa ya kama don kada su fita su ɓace. Korona ta riga ta shiga. Ma'aikata sun yi ƙaranci, wasu sun kwanta, wasu tsoro ya hana su fitowa. Sai aka ce a haɗe ɓangarorin biyu su zama ɗaya. Aka cusa mutum kusan 40 a wurin da aka tsara wa 25: wanda gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cutar, da wanda ke tari ana jiran sakamakonsa, da wanda ko alama bai nuna ba, gado na gogar gado. Da ɗakuna suka cika, aka jera sauran gadajen a ɗakin cin abinci. Kafin ƙurar ta lafa, tsoffin sojoji aƙalla 76 sun rasu, a gidan da mazaunansa ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba.

Bincike ya biyo baya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Gwamnan jihar na lokacin, Charlie Baker, ya ɗauko Mark Pearlstein, tsohon mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya, wanda ya fitar da rahoto mai shafi 174 a watan Yunin 2020. Kwamitin majalisar dokokin jihar ya fitar da nasa a 2021, sufeto-janar na jihar ya biyo da nasa a 2022. Kowa da inda ya fi ɗora laifi, amma duk sun yi tarayya a wuri guda: ɓarnar ba a watan Maris ta fara ba. Ta faro ne shekaru kafin nan, daga yadda aka zaɓi shugaban gidan, da irin mutanen da doka ta ɗora wa sa masa ido, da kuma rashin sanin takamaiman wanda zai tsawata masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bangon kuwa ya daɗe da tsagewa.

Sai an fahimci tsarin kafin a gane inda tsagar take. A Amurka, gwamnatin tarayya tana da ma'aikatarta ta tsoffin sojoji mai asibitoci masu yawa. Ban da su, kowace jiha tana da nata gidajen kula da tsoffin sojojin da tsufa ko rashin lafiya ya kayar, sama da 150 a faɗin ƙasar. Al'adar ta samo asali daga yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865, lokacin da guragu da marasa galihu suka cika garuruwa; a 1888 majalisar tarayya ta fara taimaka wa jihohi da dala 100 a shekara kan kowane tsohon soja da suka ɗauka. Har yanzu haka abin yake tafiya: tarayya tana biyan wani kaso na kuɗin kowace kwana, tana ɗaukar har kashi 65 cikin ɗari na kuɗin gini, tana turo masu duba gida sau ɗaya a shekara, amma gidan na jiha ne, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke naɗa shugaba. Massachusetts tana da biyu, na Chelsea kusa da Boston, babban birnin jihar, wanda aka buɗe a 1882, da na Holyoke da aka buɗe a 1952.

Abin da sunan gidan ke ɓoyewa shi ne wannan: a lokacin ana kiransa gidan sojoji, amma aikin da ake yi a ciki jinya ce tsantsa. Mazaunansa a 2020 'yan saba'in ne, 'yan tamanin, 'yan casa'in, waɗanda suka yi yaƙin duniya na biyu da na Koriya da na Biyetnam. Akwai wanda sai an juya shi a gado kowane sa'o'i biyu don kada bayansa ya yi gyambo, akwai wanda sai an dama masa abinci da kauri don kada ya shaƙe, akwai wanda bai san 'yarsa ba in ta zo. Babu fareti, babu bindiga. Magani ne da wanka da canza zanen gado, da lissafin ma'aikatan jinya nawa za su kwana a kowane ɓangare.

Wanda aka ba riƙon wannan aiki a 2016 shi ne Bennett Walsh, laftanar-kanar mai ritaya daga rundunar sojin ƙundumbala, wanda ya yi aikin soja fiye da shekara ashirin, ya je fagen daga. Babu mai ja da jarumtarsa. Sai dai bai taɓa gudanar da asibiti ko gidan jinya ba, kuma ba shi da lasisin da ake ba masu gudanar da gidajen kula da tsofaffi. Abin mamakin shi ne, da gidan na ɗan kasuwa ne, doka ba za ta bari ya riƙe shi ba tare da wannan lasisi ba. Gidan gwamnati kuwa, wanda aka ce an gina don karrama waɗanda suka bauta wa ƙasa, an yafe masa sharaɗin. Haka nan ma'aikatar lafiyar jihar ba ta bin gidan da irin binciken da take yi wa sauran gidajen jinya. Walsh ya fito daga sanannen gidan siyasa a birnin Springfield, kuma 'yan jarida sun yi ta nanata wannan. An so a cike giɓin da mataimaki mai ilimin harkar lafiya, amma lokacin da annobar ta iso, kujerar mataimakin ta yi watanni babu kowa a kanta. Hukuncin Pearlstein bai da kwana-kwana: mutumin bai cancanci riƙe irin wannan gida ba. Adalci ne kuma a faɗi cewa rahoton bai same shi da laifin ɓoye wa gwamnati labari ba, domin ya riƙa aika rahoto sama, har ya nemi a turo masa dakarun ko-ta-kwana na jihar. Matsalar ita ce shawarwarin da aka yanke a cikin gidan, da kuma waɗanda ke karɓar rahoton ba su gane girman abin da suke karantawa ba.

To ina hukumar sa ido? Tana nan. A lokacin gidan yana da kwamitin amintattu na mutum bakwai da gwamna ke naɗawa. Babban abin da tsohuwar dokar ta damu da shi game da su shi ne inda suka fito: su kasance mazauna gundumomi huɗu na yammacin jihar, Berkshire da Franklin da Hampden da Hampshire. Ba ta tilasta a samu likita ba, ba ta tilasta a samu ma'aikaciyar jinya ba, ba ta tilasta a samu wanda ya taɓa riƙe gidan tsofaffi ba. In an yi dace wani daga cikinsu ya san harkar lafiya, to sa'a ce. Wato doka ta tabbatar kowace gunduma ta sami wakili, ta manta da tabbatar da cewa akwai wanda zai iya karanta jadawalin aikin dare ya gane gidan na cikin haɗari.

Mutane da yawa kan ɗauka ƙwarewa a kwamiti kwalliya ce, a samu mai "Dakta" a gaban suna don takardar kwamiti ta yi kwarjini. Ba haka ba ne. Amfanin ƙwararre a irin wannan zama shi ne tambayar da zai yi. Shugaban gida ya zo taron wata-wata da rahotonsa: an yi bikin ranar tsoffin sojoji, an karɓi gudummawar barguna, an gyara injin ɗumama ɗaki, komai lafiya. Mutum shida za su gyaɗa kai, domin babu ƙarya a ciki. Ta bakwai, wadda ta shekara ashirin tana shugabantar ma'aikatan jinya, za ta ce: sa'o'in jinya nawa kowane dattijo ke samu a yini? Mutum nawa aka tilasta wa ƙarin aiki bayan sun tashi a watan jiya? Ma'aikacin da ya yi safe a ɓangaren masu gigin tsufa, yana tsallakawa wani ɓangaren da yamma? In mura mai tsanani ta ɓarke gobe, wane ɗaki za a keɓe na farko, kuma wa zai tsaya a kansa? Waɗannan ba tambayoyin ƙure ba ne, su ne ainihin wuraren da Holyoke ya faɗi. An ware ɗakunan killacewa amma ba a yi amfani da su a kan lokaci ba. Dattijon farko da aka yi zargin ya kamu an bar shi cikin abokan zamansa. Ma'aikata sun ci gaba da yawo daga wannan ɓangare zuwa wancan, suna ɗaukar cutar ba su sani ba. Ƙungiyoyin ma'aikatan gidan kuwa sun shekara suna kukan ƙarancin hannu, shugaban da Walsh ya gada ma da irin wannan koken ya bar aiki.

Duk da haka, masu cewa tsoffin sojoji ne ya kamata su mamaye irin wannan hukuma ba shirme suke yi ba, kuma bai kamata a yi musu kallon masu neman kujera kawai ba. Hujjarsu tana da tushe. Tsohon soja yakan buɗe cikinsa ga ɗan'uwansa soja fiye da yadda zai buɗe wa farar hula mai riƙe da fayil. Akwai ciwon da ba a gani, na wanda ke firgita cikin dare shekara hamsin bayan yaƙi, wanda sai wanda ya taɓa shi ke saurin ganewa. Sannan akwai siyasa: gidajen nan da kasafin kuɗi suke rayuwa, kuma ba wanda ke iya tsare ɗan majalisa a lungu ya matsa masa kamar ƙungiyoyin tsoffin sojoji. American Legion, wadda aka kafa a 1919, da takwarorinta sun daɗe suna wannan aiki, shi ya sa jihohi da dama suke ba su damar gabatar da sunayen waɗanda za a naɗa. Kwamitin da babu soja a cikinsa zai iya mayar da gidan asibiti mai tsabta wanda mazaunansa ba sa jin nasu ne. Ga kuma tsoron da suke da shi na gaske, cewa in aka bar wa masana lissafi, wata rana za a ce gidan ya yi tsada, a miƙa shi ga 'yan kasuwa.

Inda na rabu da su shi ne wurin da ake mayar da bautar ƙasa ta zama shaidar iya komai. Abu biyu ne daban ake haɗawa. Akwai haƙƙin a saurare ka, wanda tsohon soja ya samu da guminsa. Akwai kuma iya gano kuskure kafin ya kashe mutum, wanda sai da karatu da shekarun aiki ake samu. Soja yana koyar da shugabanci, gaskiya ne, amma shugabancin da aka gina kan bin umarni. A gidan jinya kuwa, sau da yawa mai ceton rai ita ce ƙaramar ma'aikaciyar da ta ce wa babba, "Ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne." Akwai ma wani lahani da ba a cika faɗa ba: kwamitin da ke cike da tsoffin sojoji yakan ji nauyin titsiye ɗan'uwansa mai lambobin yabo a ƙirji. Kunya ce irin ta 'yan gida ɗaya, kuma a wurin sa ido kunya guba ce.

Amma ko da an cika kujerun bakwai da likitoci, akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: me za su iya yi in sun ga ɓarna? A nan ne labarin Holyoke ya fi ban takaici. A takarda, kwamitin amintattu ke da ikon naɗa shugaban gidan. A aikace, gwamnati ta sa hannu dumu-dumu. Daga baya jaridar Boston Globe ta bankaɗo cewa gwamnan da kansa ya gana da Walsh kafin naɗin, bayan ya taɓa cewa bai san shi ba sai ranar rantsarwa, ya kuma ce mantawa ya yi. Rahoton yau da kullum kuma sakataren harkokin tsoffin sojoji, Francisco Ureña, ake kai wa, shi kuma yana ƙarƙashin sakatariyar lafiya da jin daɗin jama'a, ita kuma tana ƙarƙashin gwamna. Kwamiti na ganin gwamnati ce ke riƙe da linzami, gwamnati na ganin ai akwai kwamiti. An dakatar da Walsh a ranar 30 ga Maris, bayan magajin garin Holyoke, Alex Morse, ya kai kuka ga manyan jami'an jihar. Ureña ya ajiye aiki dab da fitowar rahoton Pearlstein. Da gwamnati ta aika wa Walsh takardar kora, sai ya garzaya kotu, kuma a watan Satumban 2020 alƙali ya ce korar ba ta halatta ba, domin kwamitin amintattu ne kaɗai doka ta ba wannan iko. A duba wannan da kyau: mutum 76 sun mutu, wata shida sun shuɗe, sai da alƙali ya zauna kafin a san wa ke da ikon sallamar shugaban gidan. Daga baya shi da kansa ya yi murabus.

Wannan ne ya sa gyaran da aka yi bai tsaya kan kujeru kawai ba. A watan Agustan 2022 Baker ya sa hannu kan sabuwar dokar gidajen tsoffin sojoji. Ta wajabta wa duk wanda zai shugabanci ɗaya daga cikin gidajen biyu ya mallaki lasisin gudanar da gidan jinya, sannan ya kasance ko dai tsohon soja, ko wanda ya taɓa aikin kula da tsoffin sojoji a irin wannan wuri. A lura da yadda aka juya tsarin: lasisi ya zama dole, kaki ya zama ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Ta ɗaga ofishin tsoffin sojoji ya zama cikakkiyar ma'aikata mai kujera a majalisar zartarwa, ta mayar da ikon naɗawa da sallama hannun sakatarenta, wanda gwamna kaɗai ke samansa. Ta sa ma'aikatar lafiya ta riƙa duba gidajen aƙalla sau biyu a shekara, ta kafa ofishi mai zaman kansa na mai kare haƙƙin tsoffin sojoji. Ta bar kwamitocin amintattu na kowane gida, sannan ta ɗora majalisar gidajen tsoffin sojoji ta jiha mai mutum 19 a sama, wadda ta haɗa amintattun gidajen biyu da wasu kujeru da aka ware wa masu ilimin jinya da kula da tsofaffi, da kuma rukunin tsoffin sojojin da a da ba a cika jin muryarsu ba, kamar mata. A 2023 sabuwar gwamna, Maura Healey, ta naɗa Jon Santiago sakatare na farko a sabon tsarin. Likitan sashen gaggawa ne, kuma hafsa a rundunar soja ta wucin gadi, wato mutum guda da ya haɗa abu biyun da ake ta jayayya a kansu.

A ganina dokar ta dace a babban wuri: ta ɗora sharaɗin ƙwarewa mafi tsauri a kan wanda ke yanke shawara da ƙarfe biyun dare, ba a kan waɗanda ke taruwa lokaci-lokaci ba. Ta kuma sa an san wuyan wanda za a kama. Inda nake da ja shi ne girman majalisar. Mutum 19 taro ne. A irin wannan zama kowa yakan yi jawabin minti uku, a sha shayi, a tashi. Masu ilimin lafiyar kuma 'yan tsiraru ne a cikinsu, kuma majalisar shawara take bayarwa, ba umarni ba. An fahimci dalilin: mutanen yammacin jihar sun daɗe suna ganin Boston na mayar da su saniyar ware, ba za su yarda a rushe kwamitinsu a kai komai babban birni ba, don haka aka yi sulhu aka tara kowa. Sulhun siyasa ne mai ma'ana, amma yana da farashi. Ƙwararren da ba shi da ikon neman takarda kai tsaye, ko shiga ɓangaren marasa lafiya ba tare da sanarwa ba, ko ganawa da ma'aikata ba a gaban shugabansu ba, abin da aka ga dama aka nuna masa kaɗai zai sani.

Kada kuma a ɗauka lasisi laya ce. A jihar New Jersey, gidajen Menlo Park da Paramus suna cikin tsarin binciken inshorar lafiya ta tarayya, wanda Holyoke ba ya ciki a lokacin, amma mutanen da korona ta kashe a gidajen tsoffin sojojin jihar sun kai ɗari biyu. A watan Satumban 2023 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta ce kulawar da ake yi a gidajen biyu ta tauye haƙƙin mazaunansu da tsarin mulki ya ba su. A jihar Illinois, mutum 36 suka rasu a gidan LaSalle daga watan Nuwamban 2020, wata takwas bayan duniya ta ga abin da ya faru a Holyoke. Binciken jihar ya nuna shugabar ma'aikatar, tsohuwar 'yar majalisa kuma tsohuwar soja, ta sakar wa wani babban hadiminta da ba shi da ilimin likitanci ragamar lamarin. Tsarin kowace jiha daban, amma cutar iri ɗaya: aikin lafiya a hannun ma'aikatar da tunaninta na soja ne ko na siyasa.

Akwai wata matsala da masu rubuta irin waɗannan dokoki ke cin karo da ita, wato ƙarancin mutanen da za a zaɓa. Amurka ta daina tilasta shiga soja a 1973. A 1980 kusan kashi 18 cikin ɗari na manyan ƙasar tsoffin sojoji ne; yanzu bai wuce kashi 6 ba. In doka ta ce dole mamba ya zama tsohon soja, kuma likitan tsofaffi, kuma mazaunin gunduma kaza, kuma ba ya aiki da kamfanin da ke hulɗa da gidan, kuma zai yi aikin kyauta, za a wayi gari kujerar ta shekara babu kowa. Kujera marar mai ita kuwa ta fi kujerar jahili haɗari ta wata fuska, domin a takarda ana ganin an cika sharaɗi. Mafita ita ce a raba sharuɗɗan a kan kujeru, kada a jibga su a kan mutum ɗaya: wannan kujera ta jinya ce ko mai ita bai taɓa sa kaki ba, waccan ta tsohon soja ce ko bai taɓa shiga ajin likitanci ba. A kuma sa wa'adi, in mai naɗawa ya yi wata kaza bai cike gurbi ba, a san abin da zai biyo baya. Batun son rai ma ba ƙarami ba ne. Wanda ya fi kowa sanin gidajen tsofaffi a yanki sau da yawa shi ne mai gudanar da na 'yan kasuwa, wanda ke gogayya da gidan gwamnati wajen neman ma'aikatan jinya. Ba za a guje shi gaba ɗaya ba, sai dai a sa ya bayyana hulɗarsa, ya fita daga ɗaki in an zo maganar da ta shafi aljihunsa.

Wata ƙwarewar kuma ba ta da takardar shaida. Matar da ke zuwa kullum da la'asar ta ba mijinta abinci a baki ta fi duk mai bincike sanin ko ana canza masa kaya a kan lokaci. Ta san daren da mutum ɗaya ke kula da ɓangare guda, ta san ma'aikaciyar da ta yi kuka a bayan ƙofa. A Holyoke, iyalai sun yi kwanaki suna buga waya babu mai ɗauka, ba su san ko nasu na raye ba, kuma su da ma'aikata da tsoffin shugabannin gidan ne suka haɗa ƙungiyar da ta hana maganar mutuwa har aka sauya doka, aka kuma amince da dala miliyan 400 a 2021 don gina sabon gida. Idan za a ware kujera wa masanin kuɗi, ban ga dalilin da zai hana a ware wa dangin mazauna da ƙananan ma'aikata ba, da cikakkiyar ƙuri'a, ba zaman ɗan kallo ba.

Mai karatu a Najeriya zai ce mu namu tsarin daban ne, kuma haka ne: lamarin tsoffin sojoji na hannun tarayya, ta hanyar hukumar fanshon sojoji da ƙungiyar 'yan mazan jiya, kuma kukan da aka fi ji na haƙƙoƙin da ba a biya ba ne. Amma yadda ake rabon kujerun hukumomin gudanarwa, a fara duba shiyya da wanda ya taimaka a zaɓe kafin a tambayi me mutum ya iya, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, kuma tsohuwar dokar Holyoke mai lissafin gundumomi huɗu ba ta yi nisa da shi ba.

Ta fuskar shari'a, ga yadda ta kaya. A watan Satumban 2020, Healey, tana antoni-janar a lokacin, ta gurfanar da Walsh da babban likitan gidan, David Clinton, bisa zargin sakaci da tsofaffi. Wani alƙali ya kori ƙarar a 2021, kotun ƙolin jihar ta dawo da ita a 2023. A watan Maris na 2024 mutanen biyu suka amsa cewa akwai isassun hujjojin da za a iya kama su da laifi, aka sallame su bisa sharuɗɗa ba tare da zaman gidan yari ba, abin da ya ƙona wa iyalai da dama rai. Tun a 2022 jihar ta amince ta biya dala miliyan 56 ga waɗanda suka kamu da iyalan waɗanda suka rasu. Daga cikin amintattu bakwai da manyan jami'an da ke saman Walsh, babu wanda aka gurfanar.